Ba a fafe gora ranar tafiya: ra'ayina kan sabunta R da fakitocinsa

A duk shekara idan watan Afrilu ya kama, sai sabuwar sigar R ta fito, sai kuma zaurukan WhatsApp na masu koyon ƙididdiga da kwamfuta su rabu gida biyu. Wasu tun a daren su sauke ta su ɗora, su kwana suna sabunta duk abin da ke cikin na'urarsu. Wasu kuma su ce da tsohuwar zuma ake magani, sigar da wani malami ya tura musu a filas shekara biyar da suka wuce ita za su ci gaba da amfani da ita har sai kwamfutar ta mutu.

Na zauna a gidajen nan biyu, kuma kowanne na sha wuya a cikinsa. Abin da na tsaya a kai yanzu shi ne: sabunta R wajibi ne, amma aiki ne mai zaman kansa da ake ware wa rana, ana yin sa tsakanin ƙarshen wani aiki da farkon wani, kuma ba a taɓa shi sai an rubuta sigar da ake kai an ajiye. Bari in faɗi abin da ya kai ni ga wannan matsaya.

Ga wanda bai san R ba

R harshe ne na ba kwamfuta umarni, wanda aka gina musamman domin ƙididdiga, nazarin bayanai da zana jadawali. Malamai biyu ne a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka fara shi a farkon shekarun 1990, kuma siga ta 1.0.0 ta fito a watan Fabrairun 2000. Kyauta ne, babu kuɗin lasisi, shi ya sa ɗalibai da ma'aikatan bincike da yawa a wajenmu suke barin manhajojin da ake biya suna komawa kansa.

Shi R ɗin kansa kamar gangar jikin mota ne da injinta. Yawancin aikin yau da kullum ana yin sa ne da ƙananan manhajoji da ake ɗora masa, waɗanda muke kira fakitoci. Akwai ggplot2 na zane, dplyr na tace bayanai, readxl na karanta fayil ɗin Excel, da sauransu. Babban rumbun da ake sauke su shi ne CRAN, wanda ke ɗauke da fakitoci sama da dubu 20. Kowane fakiti da mai kula da shi, kowanne da ranar da yake sakin sabuwar sigarsa, kuma mafi yawansu sun jingina ne da wasu fakitocin. Ka ɗora guda ɗaya, ya jawo maka goma a bayansa.

Ke nan duk lissafin da ka yi da R, a kan abubuwa masu motsi ka gina shi. A nan matsalar take.

Ranar da iri ɗaya ya ba ni amfani biyu

Ni ban yi jami'a ba. Daga sakandare na shiga shagon gyaran kwamfuta, a can na koyi rubuta kod da daddare, da bidiyo da littattafan da nake saukewa idan na samu datar dare. R ɗin da na fara da shi wani ɗan bautar ƙasa ne ya zuba mini daga filas ɗinsa, siga ta 3.5, kuma na daɗe ban san ma akwai wata bayanta ba.

Aikin farko mai ɗan kauri da na samu na wata ƙungiya ce mai tallafa wa manoma. Suna da jerin gidaje fiye da dubu biyu, suna son a zaɓo ɗari uku ta hanyar ƙuri'a domin a je a yi musu tambayoyi, kuma waɗanda aka tambaya su ne za su fara shiga layin tallafi. A R akwai umarnin sample() da ke jefa irin wannan ƙuri'a, akwai kuma set.seed() da ke ba ƙuri'ar lambar iri, ta yadda duk wanda ya sake sarrafa kod ɗin da wannan lamba zai samu sunayen nan dai, ba ƙari ba ragi. Wannan shi ne shaidarka cewa ba ka sa hannu ka zaɓi 'yan uwanka ba. Na sa iri, na jefa ƙuri'a, na miƙa jerin sunaye, aka biya ni.

Bayan wata huɗu sai ƙorafi ya taso daga wani ƙauye cewa an yi son kai. A tsakanin nan ni kuma na samu data mai yawa, na ga ashe an yi mini nisa, na goge tsohon R na ɗora na zamani, ina ta murna. Shugabar shirin ta kira ni ofis, ga mai binciken kuɗi a zaune. Ta ce: "Malam, ka ce da lambar nan kowa zai iya sake fitar da sunayen. Bisimilla, fitar mana a gabanmu."

Na buɗe laftof da ƙwarin gwiwa, na sarrafa kod ɗin da ban canza ko wasali ɗaya a cikinsa ba. Sunaye suka fito, amma ba su ba ne. Na sake, suka sake fitowa iri ɗaya da na yanzu, daban da na takardar da ke hannunta. Na ce: "Hajiya, wallahi kod ɗin ne wannan, lambar ce wannan." Ta dube ni ta ce: "To ɗana, wanne ne na gaskiya a ciki?" Ba ni da amsa.

Kwana biyu na yi ina tono kafin na gano dalili. A siga ta 3.6.0, wadda ta fito a Afrilun 2019, masu kula da R sun canza hanyar da sample() ke jefa ƙuri'a, saboda an gano tsohuwar hanyar tana ɗan karkata idan jerin da ake zaɓe a ciki yana da girman gaske. Gyara ne mai kyau, kuma sun rubuta shi ɓaro-ɓaro a cikin bayanan sakin sigar. Amma sakamakonsa shi ne lambar iri ɗaya tana ba da sunaye daban kafin 3.6.0 da bayanta. Maganin layi ɗaya ne: ka rubuta RNGversion("3.5.0") kafin set.seed(), sai R ya koma tsohuwar hanya. Na sa layin, sunayen farko suka dawo cif-cif, na koma na nuna musu.

An wanke ni. Amma kwana biyun nan na yi su ne a matsayin wanda ake zargi da maguɗi, kuma da ban gano layin nan ba, da har yau sunana a wajensu ɓarawon ƙuri'a ne. Laifin ba na R ba ne. Ni ne na sabunta alhali aikin bai rufu ba, ban rubuta sigar da na yi aikin da ita ba, ban kuma karanta abin da ya canza ba.

Canjin da ke ihu da canjin da ke shiru

Mafi yawan mutane abin da suke tsoro a sabuntawa shi ne jan rubutu, wato kod ya tsaya ya ƙi tafiya. Ni yanzu jan rubutu ba ya ɗaga mini hankali, domin ya faɗa maka akwai matsala, har ya nuna maka layin. Misali, daga siga ta 4.2.0, idan ka ba umarnin if() sharaɗi mai ɗauke da amsa fiye da ɗaya, R zai tsaya cak. A da gargaɗi kawai yake yi, ya ɗauki amsar farko ya wuce. Kod da yawa sun karye saboda wannan, amma duk wanda ya karye dama can yana da ciwo a ciki, sabuntawar ce ta fito da shi fili.

Abin tsoro shi ne canjin da ba ya magana. Kod ya tafi lafiya, jadawali ya fito, amma lambobin ba na jiya ba ne. Labarin ƙuri'ata ɗaya ne daga ciki. Wani kuma shi ne na siga ta 4.0.0 a Afrilun 2020. Kafin ita, idan ka karanta fayil da read.csv(), duk shafin da ke ɗauke da rubutu, kamar sunayen jihohi ko jinsi, R da kansa yake mayar da shi rukuni-rukuni. Daga 4.0.0 ya daina, yana barin sa a rubutu zalla sai in kai ka nema. Wanda tsohon kod ɗinsa ya dogara da waccan ɗabi'a, zai nemi jerin rukunai da levels() ya samu wayam, ko ya nemi taƙaitawa da summary() ya ga ba a ƙirga masa mutum nawa ne a kowace jiha ba. Idan wani lissafin na gaba ya jingina da wannan, kuskuren zai bi ta ƙarƙashin ƙasa har cikin rahoto.

Fakitoci ma haka suke, har sun fi R saurin sauyawa. Mai fakiti zai iya canza yadda wani umarni ke aiki idan ba a faɗa masa komai ba, ko ya canza sunan wani zaɓi, ko ya yi wa umarni ritaya. Umarnin update.packages() kuwa ba ya tambayar ka wane aiki kake ciki. Sabuwar sigar kowane fakiti zai kawo ya ɗora a kan tsohuwa, kuma babu maɓallin komawa baya.

Saboda haka ɗalibin da ya rage masa sati biyu ya kare kundin digirinsa, ko ma'aikacin da zai miƙa rahoto ranar Litinin, ba shi da wata hulɗa da sabuntawa. Ko da sanarwa ta fito a fuskar kwamfuta tana kiran sa, ya rufe ta. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Amma zama a tsohon gida ma yana da kuɗin haya

Wani zai ce to ai magana ta ƙare, kada a sabunta kawai. Na gwada wannan ma bayan abin da ya same ni, na yi kusan shekara biyu ban taɓa komai ba. Ga abin da na gani.

Na farko, CRAN ba ya jiran kowa. Yana shirya fakitocin da aka riga aka harhaɗa, waɗanda ake ɗorawa kai tsaye a Windows da Mac, domin sigar R ta yanzu da wadda ta gabace ta. Idan ka faɗo ƙasa da haka, sababbin fakitoci ba za su zo maka a dafe ba, sai dai ɗanye, ka harhaɗa da kanka. A Windows wannan na nufin sauke Rtools, ɗaruruwan megabait, sannan ka zauna kana kallon baƙin allo yana gudu, kana addu'ar kada a ɗauke wuta. Wani lokacin ma harhaɗawar ba za ta yiwu ba. A 2024 fakitin Matrix, wanda fakitoci masu ɗimbin yawa suka jingina da shi, ya fitar da sigar da ke buƙatar R 4.4 ko sama. Masu tsohon R da yawa sun wayi gari suna son ɗora wani abu can daban, sai saƙon kuskure ya ambaci Matrix, fakitin da ba su taɓa jin sunansa ba.

Na biyu, fakitoci suna mutuwa. A Oktoban 2023 aka janye rgdal, rgeos da maptools daga CRAN, bayan an daɗe ana sanarwa. Waɗannan su ne ginshiƙan zana taswira a R na shekaru masu yawa. Duk wanda ke zana taswirar ƙananan hukumomi ko ta yaɗuwar cuta da su, an ba shi lokaci ya koma sf ko terra. Wanda yake bin sabuntawa sannu a hankali ya yi ƙaura cikin natsuwa. Wanda ya toshe kunne sai ranar da kwamfutarsa ta lalace ya sayi wata, ya zo ɗora kayan aikinsa, ya tarar babu su a kasuwa.

Na uku, akwai tsaro. A 2024 an bayyana wata ɓaraka a yadda R ke buɗe fayilolin bayanai nau'in RDS, wadda mugu zai iya amfani da ita ya cusa umarni a cikin fayil, aka kuma toshe ta a siga ta 4.4.0. Ko da sabon R bai kamata ka buɗe irin wannan fayil daga wanda ba ka sani ba, amma mu da muke tura wa juna fayiloli a WhatsApp da filas ba tare da tambayar asalinsu ba, zama a tsohuwar siga ƙarin ganganci ne.

Na huɗu ya shafe mu kai tsaye, mu masu rubutu da Hausa. Kafin siga ta 4.2.0 ta Afrilun 2022, R a kan Windows ba ya jituwa da haruffanmu masu lanƙwasa. Ka shigar da sunayen garuruwa irin su Ƙanƙara ko Ɗanja, ka nemi a nuna maka teburin, sai ka ga wasu lambobi kamar <U+0199> a gurbin ƙ. Da yawanmu mun saba cire lanƙwasar gaba ɗaya domin a zauna lafiya, muna mayar da ƙasa ta zama kasa, ɓata ta zama bata. Daga 4.2.0 R ya koma amfani da tsarin UTF-8 a kan Windows 10 na baya-bayan nan da Windows 11, sai ɓ, ɗ, ƙ da ƴ suka samu wurin zama. Duk mai nazarin amsoshin tambayoyi da aka rubuta da Hausa, wannan kaɗai ya isa dalilin sabuntawa.

Na biyar shi ne zama da mutane. Tun siga ta 4.1.0 a 2021 R ya samu alamar |> ta kansa, mai miƙa sakamakon wani umarni ga na gaba. Sababbin littattafai da darussa da ita suke rubutu. Mai tsohon R zai kwafi misali daga darasi, ya ga jan rubutu, ya zaci shi ne bai gane ba. Na san waɗanda suka bar koyon R saboda irin wannan, suna ganin kansu ne ba ya ja, alhali sigarsu ce ta tsufa. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya.

Tsarin da nake bi yanzu

Abu na farko shi ne sanin ma'anar lambobin nan uku. Ɗauki 4.3.1. Lambar farko ba ta cika motsi ba: 3.0.0 ta fito a 2013, 4.0.0 a 2020. Ta tsakiya ita ce ke ƙaruwa duk shekara a wajajen Afrilu, kuma a nan sababbin ɗabi'u ke shigowa. Ta ƙarshe ta gyaran ƙananan kurakurai ce, tana fitowa 'yan lokuta a shekara. Daga 4.3.1 zuwa 4.3.2 ba wani abin fargaba, fakitocinka ma suna nan a foldarsu. Daga 4.3 zuwa 4.4 kuwa ƙaura ce, R zai buɗe sabuwar folda ta fakitoci, wayam. Wannan ne ke sa mutane ihu cewa sabuntawa ta cinye musu fakitoci. Ba ta ci komai ba, suna tsohon ɗaki.

Ni ba na ɗora sigar da ta ƙare da sifili. Ina jira wata biyu ko uku har mai ƙarewa da 1 ta fito. A lokacin masu gaggawa sun riga sun ci karo da matsalolin, masu fakitoci sun gyara nasu. Sau ɗaya a shekara ke nan, a ranar da ba ni da aikin da ke jiran miƙawa, ina da data, kuma batir a cike yake.

Kafin in taɓa komai, ina karanta bayanan sakin sigar, musamman sashen farko da ke lissafa manyan canje-canjen da mai amfani zai gani. Da Turanci yake, kuma wani wurin yana da nauyi, amma sashen bai cika tsawo ba. Da na karanta na 3.6.0, da ban tsaya gaban Hajiya ina rantsuwa ba.

Sannan ba na goge tsohon R. A Windows kowace siga tana zama a foldarta, kuma RStudio yana ba ka damar zaɓar wadda kake so a cikin saitunansa. Akwai ma wata ƙaramar manhaja mai suna rig da ke sauƙaƙa ajiye sigogi da yawa da sauyawa tsakaninsu. Wurin da tsohuwar siga ke ci a faifai bai kai darajar ranar da za a ce ka sake fitar da lissafin bara ba.

Fakitoci kuma ba na kwafe tsohuwar folda in zuba a sabuwa, duk da na san datar da hakan ke ceto. Da yawansu an harhaɗa su ne daidai da wata siga ta R, idan ka kai su wata za su iya yin aiki yau, gobe su rufe maka R gaba ɗaya ba bayani. Abin da nake yi shi ne in fitar da jerin sunayensu da installed.packages() a tsohon R, in ajiye a fayil, in duba jerin in cire waɗanda na ɗora sau ɗaya domin gwaji ban sake waiwayar su ba, sannan in ɗora sauran sababbi. Wanda ya riga ya kwafe folda, aƙalla ya sarrafa update.packages(checkBuilt = TRUE) domin a sake ɗora duk wanda aka gina wa tsohuwar siga.

Mataki na ƙarshe shi ne gwaji. Ina da tsofaffin ayyuka biyu da na san amsoshinsu, na ajiye sakamakonsu. Bayan kowace sabuntawa sai in sake sarrafa su in kwatanta lamba da lamba. Idan sun yi daidai, na shiga sabon gida. Idan wani abu ya motsa, ba na ci gaba sai na san dalili.

Kowane aiki da kwandonsa

Abin da ya fi komai canza mini rayuwa shi ne fakitin renv, na kamfanin Posit, wanda a da ake kira RStudio. Aikinsa shi ne ya ba kowane aiki rumbun fakitocinsa na kansa. Ka fara da renv::init(), idan aiki ya daidaita ka yi renv::snapshot(), sai ya rubuta wani ɗan fayil mai suna renv.lock da ke ɗauke da sunan kowane fakiti da ainihin sigarsa, har da sigar R. Bayan shekara biyu, ko a wata kwamfutar, renv::restore() zai dawo maka da waɗannan sigogin. Ka sabunta fakitocin sabon aiki yadda kake so, na tsohon aiki ba za su motsa ba.

Akwai masu cewa wannan kayan 'yan gayu ne masu intanet ba iyaka. Ƙorafin yana da tushe, na kuma yi shi da bakina. Amma renv yana da ma'ajiya guda a kwamfutarka, duk sigar fakitin da ka taɓa saukewa ba zai sake sauke ta ba, ko ayyuka goma ne ke amfani da ita. Inda yake da rauni shi ne ba ya ɗora maka R ɗin kansa, rubuta sigar kawai yake yi, kuma dawo da fakiti mai tsufa sosai wani lokaci sai an harhaɗa. Shi ya sa nake haɗa shi da ajiye tsohon R.

Wanda duk wannan ya yi masa yawa, ga mafi ƙarancin abin da zai yi, kuma ko kilobait ɗaya ba ya ci: a ƙarshen kowane aiki ya rubuta sessionInfo(), ya kwafe abin da ya fito ya ajiye tare da kod ɗin. Sigar R da ta duk fakitin da aka yi amfani da shi suna ciki. Minti ɗaya ne.

Ina sane da cewa akwai wanda ba shi da zaɓi. Mai tsohuwar kwamfuta da ke kan Windows mai bit 32 ba zai wuce R 4.1.3 ba, domin daga 4.2.0 an daina yi wa irin wannan na'ura. Wannan ba laifinsa ba ne, kuma lissafin da ya yi da ita lissafi ne ingantacce. Shi ne ma ya fi kowa buƙatar rubuta sigarsa, da adana fayilolin fakitocin da ya sauke a filas, domin ranar da zai neme su a intanet wataƙila sun yi gaba.

Saƙo ga malamai da masu ba da aiki

Nauyin nan bai kamata ya tsaya a kan mai rubuta kod kaɗai ba. Malamin da ke duba kundin ɗalibi yana tambayar yawan mutanen da aka yi wa tambaya da irin gwajin da aka yi, amma da wuya ka ji ya tambayi sigar manhajar. Jimla ɗaya ce a babin hanyoyin bincike: an yi nazarin da R siga kaza, da fakiti kaza siga kaza. Ƙungiyar da ta ba da aikin ƙididdiga ita ma ta nemi kod da bayanin siga tare da rahoto, kamar yadda take neman rasit. Da ƙungiyar da na yi wa aiki ta nemi wannan tun farko, da ni da su mun huta.

Masu koyar da R a tarukan bita kuma, ku ji tsoron Allah ku daina raba sigar da ta shekara biyar a filas ba tare da faɗa wa ɗalibai shekarunta ba. Raba ta filas dabara ce mai kyau inda data ke da tsada, amma a sabunta abin da ke cikin filas ɗin duk shekara, a kuma ware rabin awa a koya wa mutane yadda za su duba sigarsu da yadda za su ƙaura. Ana koya mana tuƙi, ba a koya mana canjin mai.

Har yanzu kwafin takardar sunayen nan ɗari uku yana cikin jakar laftof ɗina. A saman shafin farko na rubuta R 3.5 da biro, abin da ya kamata in rubuta tun ranar da na jefa ƙuri'ar. Kai ma kafin ka rufe kwamfutarka yau, buɗe aikin da kake kai, ka rubuta sessionInfo(), ka ajiye abin da ya fito. Sabuntawar kuma ka bar ta sai ranar da ka miƙa aikin.